Giyar Leda da Masu Kare Ta

Sanin kowa ne cewa giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun kafin samun mulkin kai Mu'azu Haɗeja ya yi Waƙar Giya yana yi wa mashaya faɗa. Amma mashayin wancan zamani baligi ne mai gemu, wanda sai ya yi tattaki zuwa bariki ko gidan burkutu, ya zauna a idon jama'a, sannan ya kurɓa. Ko ba komai akwai kunya a tsakaninsa da ƙwarya. Wannan shinge shi ne masu masana'antun barasa suka rushe ranar da suka ɗura giya a 'yar leda, suka sa mata kuɗin da bai kai na burodi ba.

Duba dai yadda aka tsara ta, ya mai karatu. Giyar kwalba da aka saba gani ƙarfinta yawanci wajen kashi 5 ne cikin ɗari, alhali kuwa wasu daga cikin na leda sun kai kashi 40. Ledar tana shiga aljihun wandon makaranta ba a gane ba, ana tsotse ta kafin a ƙyafta ido, ana kuma sayar da ita a tebur ɗaya da alewa da biskit a kowace tasha daga Legas zuwa Anaca. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai ya haura shekara ashirin, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin zama bawan kwalba. Wa aka nufa da wannan kaya in ba yaro ba?

A watan Disamba na 2018 hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya suka ƙulla yarjejeniya da masu masana'antun, aka ba su shekara biyar cur su daina ɗura barasa a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba. Wa'adi ya cika ranar 31 ga Janairu, 2024. Da shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta tashi aiwatarwa, sai ga zanga-zanga a Legas, sai ga Majalisar Wakilai tana neman a dakata, har aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Hujjarsu wai ma'aikata za su rasa abinci. Haƙiƙa rashin aiki masifa ce, ba na raina ta. To, amma shekara biyar ɗin nan me aka yi da ita? Wanda ya sa hannu a takarda da idonsa biyu, sannan ranar biya ya turo leburorinsa titi su yi masa kuka, bai cancanci tausayi ba. A 2018 ɗin nan gwamnati ta hana maganin tari mai kodin cikin 'yan kwanaki bayan rahoton BBC, ba a kuma ce a jira shekara biyar ba.

Sai kuma mu kanmu, Hausawan kurmi, da muke cewa wannan cuta ce ta waɗansu, addini ya riga ya kare mu. Wannan yaudarar kai ce. Haramci yana hana yaro zama a mashaya inda za a gan shi, leda kuwa an yi ta ne domin mai tsoron a gan shi. Yaran da suka baro Arewa suna acaba da dako a Sabon Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, babu uwa babu uba a kusa, a gaban teburin nan suke wuni. Sarakunan Hausawa na zango suna iya tsayawa a kan rikicin fili ko na kasuwa har sai an sasanta. Su tsaya haka a kan masu tebur da ke miƙa wa ɗan shekara goma sha huɗu leda a ƙofar tasha.