Feshin jan-baki ta sama: Wa zai nuna wa matuƙi wayoyin wuta a Batsari da Safana?

Da zarar gero da dawa sun fitar da kai, tsuntsayen jan-baki kan hana manoman Arewa barci, kuma kiran da ake yi wa gwamnati ɗaya ne: a turo jirgin feshi. Kira ne mai hujja, amma kafin jirgi mai saukar ungulu ya shiga sararin Batsari ko Safana, akwai hatsarin da ya kamata a fara tattaunawa, wato wayoyin wutar lantarki.

Aikin feshi na tilasta wa matuƙi yin ƙasa-ƙasa, kusan daidai da tsayin falwaya. Feshin jan-baki kuma da almuru ake yin sa, lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu, haske ya ragu. A irin wannan yanayi siririyar waya kan ɓace wa ido, sai dai matuƙi ya nemi falwaya ya ƙiyasta inda wayar ta bi. Idan bishiya ta kare falwayar, ko wayar ta yi lanƙwasa, ƙiyasin ya rushe. A Amurka da Ostireliya, karo da waya na cikin manyan musabbaban hatsarin jiragen feshi.

Maganin da aka sani shi ne a fara zagaya wurin a ƙasa, a zana taswirar kowane layi, a rataya alamu masu launi a kan wayoyin. A nan matsalar tsaro ke shigowa. Ƙananan hukumomin biyu na maƙwabtaka da dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka daɗe suna hana mutane zuwa gona, ballantana jami'an bincike. Sama ma ba tsira ba ce, domin a watan Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a Zamfara. Matuƙin da hankalinsa ya rabu tsakanin harsashi da waya yana cikin hatsari biyu.

Saboda haka bai kamata a bayar da kwangilar feshi ba sai kamfanin KEDCO, mai rarraba wuta a Katsina, ya miƙa taswirar layukansa, hukumar NCAA ta tantance matuƙan, an kuma saurari dagatai da manoma, waɗanda suka san inda kowace waya ta ratsa. Idan jirgi ya tsinke waya, matuƙi na iya rasa ransa, wayar mai wuta ta faɗa gona, garuruwa su shiga duhu, jan-baki kuma su ci gaba da cin hatsi.