Goyo Ba Ƙauyanci Ba Ne

Wai yau mu ne muke jin kunyar goyo! A gidajenmu na 'yan boko an jefar da majanyi, an rungumi keken tura jarirai, wai shi ne wayewa. To, a wane titi za a tura shi? Tsakanin kwatami da ramuka da 'yan acaɓa, jariri na shaƙar hayaƙin motoci, uwa ba ta jin numfashinsa.

Abin takaici, waɗanda muke kwaikwayo a wurinmu suka koya. Wata Ba'amurkiya, Ann Moore, ta ga yadda matan Togo ke goyo, ta koma gida ta ƙirƙiro Snugli, aka yi masa rajista a 1969. A Bogota kuwa, a 1978, da kwalaben renon bakwaini suka yi ƙaranci, sai likitoci suka koma ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, jiki da jiki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara hakan da zarar an haifi bakwaini.

Harshenmu ma shaida ne. Idan muka tsaya wa mutum, cewa muke mun goya masa baya. Ranar da majanyi ya ɓace, da me za mu bayyana wa ɗalibanmu asalin wannan magana?