Ci Gaba, Ko Ci Gaban Mai Haƙan Rijiya?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, babu kalmar da ta fi yawo a bakin mutanen ƙasar nan kamar kalmar ci gaba. Mai mulki ya ce ya kawo shi, mai neman mulki ya ce zai kawo shi, talaka kuwa yana zaune a ƙofar gidansa yana jiran ranar da za a sauke masa shi daga mota kamar buhun taki. Tun da ya ke mu ne za a watsa cikin ƙauyuka mu koyar da 'ya'yan wannan talaka, ya kamata kafin mu bar makarantar nan mu san abin da mu ke nufi in mun furta kalmar. Gama Hausawa sun san wani irin ci gaba da su ke kira na mai haƙan rijiya, wanda kullum yana aiki, yana gumi, amma ƙasa ya ke yi.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, gari ya ci gaba ne gwargwadon abin da mutanensa suka fahimta, suka ɗauka nasu ne, su ke kuma iya gyara shi da hannunsu bayan wanda ya kawo shi ya tafi. Abin da ya wuce wannan aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Za mu kawo hujjarmu daga ƙasarmu ta arewacin Zazzau, watau su Taba da Hunkuyi da Likoro na ƙasar Kudan, da Makarfi, da Ikara, don kada wani ya ce labarin wata duniya mu ke ba shi.

Mu fara da Anchau, maƙwabciyar Ikara. Cikin shekarun 1930 ciwon barci ya addabi mutanen wannan yanki ƙwarai. Masana suka tabbatar da cewa ƙudan tsando ke ɗauko cutar daga jikin wani ya kai wa wani, shi kuwa ƙudan nan ba ya iya zama sai cikin duhuwar itatuwa da inuwar bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. A 1937 Gwamnati ta fara babban aiki a can, a ƙarƙashin wani Bature masanin ƙwari, Dokta Nash. Aka sassare kurmin bakin rafuka cikin ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, aka tashi mutane wajen 5,000 daga mazauninsu aka sake musu matsuguni, aka haƙa rijiyoyi masu bakin siminti, aka rage cunkoson tsohon garin Anchau, aka kafa sabon gari kusa da shi aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ragu, wannan ba mai musu.

Amma ga abin da mu ke so a lura da shi. Me ya sa aka tattaro mutanen da ke warwatse cikin daji aka haɗa su wuri guda? Domin itacen da aka sare a bana zai toho baɗi. In ba a koma an sassabe bakin rafin kowace shekara ba, duhuwa ta dawo, ƙuda ya dawo, ciwo ya dawo. Masu shirin suka yi lissafi, suka ga sai an sami kimanin mutum 70 a kowane murabba'in mil kafin hannuwa su isa wannan sassabe. Watau su da kansu sun san kuɗin Gwamnati na iya sare kurmi sau ɗaya, amma adda da gatarin mutanen gari kaɗai ke iya hana shi dawowa. Rabin aikin na likita ne, rabin na mai gari da jama'arsa. Inda shirin ya ke da rauni kuwa shi ne, da umarni daga sama aka yi shi. Mutumin da ya sassabe rafi don tsoron dogari zai ajiye addarsa ranar da dogari ya daina zuwa. Wanda ya sassabe don ya gane dangantakar ƙuda da ciwon ɗansa, wannan ba ya bukatar a tsaya a kansa.

Sa'an nan mu dubi Ikara. Ƙasar Ikara da ta Kudan da Makarfi Allah ya albarkace su da fadamu, tumatirinsu kuwa har Ikko a ke kai shi. Kowace shekara, lokacin da ya nuna gaba ɗaya, sai kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, manomi ya rasa yadda zai yi da kwandunansa. Don maganin wannan aka kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara a 1981. Niyya mai kyau, gini mai kyau, injuna masu tsada. Amma masana'antar ta shafe shekaru masu yawa a rufe, manoma suna wucewa ta ƙofarta da tumatir a bayan mota, waɗansu suna yanka nasu suna shanyawa a ƙasa don yin kauɗa, kamar yadda kakanninsu suka yi. Ba mu ce laifin manoma ba ne. Abin da mu ke cewa shi ne, ba su da hannun jari cikinta, ba su da murya wajen tafiyar da ita, saboda haka da ta tsaya ba su da wata hanya sai kallo. An gina ta a garinsu, amma ba ta zama tasu ba.

To, kada wani ya yi tsammani mutanenmu ba su karɓar sabon abu, ko kuwa ba su iya riƙe shi. Ku dubi injin ban ruwa. A da, da jigo a ke ɗebo ruwa a ba lambu, mutum ya wuni yana sunkuyo yana miƙewa don ya shayar da 'yar ƙaramar gona. Da ƙananan injuna suka yaɗu, musamman tun daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990, ba a jira an yi wa kowa lacca ba. Manomi ya ga na maƙwabcinsa, ya lissafa ribarsa, ya sayar da akuya ko ya shiga adashi ya sayi nasa. In ya lalace da safe, kafin azahar yana gaban makaniki a kasuwa. Haka kuma masu rake na Makarfi, waɗanda rakensu ke cika motoci zuwa garuruwa masu nisa, da masu matse shi su dafa su yi mazarƙwaila, ba wanda ya ke bin su yana roƙonsu su kula da kayan sana'arsu.

Ga abin mamaki nan. Mutumin nan da ya riƙe injinsa shekara da shekaru yana aiki, shi ne kuma ya ke wuce famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu wanda ya mutu saboda ɗan ƙaramin ƙarfe, matan gidansa sun koma ɗiban ruwan kududdufi. Hankalinsa bai ragu ba tsakanin gona da gari. Bambancin kawai shi ne, injin nasa ne, famfo kuwa a ganinsa na Gwamnati ne, ko na ɗan majalisar da aka rubuta sunansa a jikin allo. Ba a tambaye shi inda za a haƙa ba, bai ba da ko kwabo ba, ba a nuna wa kowa cikin garin yadda a ke kwance shi a ɗaura ba. Wanda duk ya zaga ƙauyukanmu ya ga irin wannan famfo, ya ga ajin da iska ta yaye wa kwano tun damina biyu, ya ga ɗakin shan magani da awaki ke kwana a barandarsa. Kowannensu an yi bikin buɗe shi, an kira shi ci gaba.

Alhali kuwa muna da gadon da ya dace da wannan bukata. Tun kafin zuwan Turawa Hausawa sun san gayya. Mai gona ya sanar, samari su taru da fartanyoyi da makaɗa, a nome gonar da za ta ci mutum ɗaya mako biyu cikin wuni guda, a ci tuwo a sha fura a watse, gobe a koma ta wani. Da haka a ke yaɓe masallaci, da haka a ke yashe rijiya, da haka a ke gyara hanyar kasuwa bayan damina. Ba takarda, ba albashi, amma kowa ya san wanda ya ƙi zuwa ta wani ba zai ga kowa a tasa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai wajibi ne mu raba gayya da aikin tilas, gama an sha sa wa ɗayan rigar ɗayan. Dattawa sun ba da labarin ɗiban da aka yi wa talakawa zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, wanda har aka sa masa suna ɗiban Gwamna. Irin wannan ne ya sa talaka in ya ji shelar aikin gari ya kan fara tambayar ransa, wa zai ci amfanin? Gayya ta gaskiya ita ce wadda waɗanda za su yi aikin suka zauna suka yanke shawararsa.

Mun san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce, ashe kuna neman ku sauke wa hukuma nauyinta ku ɗora wa talaka? Shi da ke biyan haraji, shi kuma zai gina wa kansa aji, ya gyara wa kansa famfo? Amsarmu ita ce, akwai aikin da gari ba zai taɓa iya yi wa kansa ba, wannan kuwa haƙƙi ne a kan hukuma, a kuma neme shi da babbar murya. Da an bar mutanen Anchau da gayyarsu kaɗai, da ba su san ƙuda ne abokin gabansu ba. A 2016, sa'ad da wata tsutsa ta faɗa wa gonakin tumatir na Jihar Kaduna har Gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ba yawan fartanya ne maganinta ba. Ilmin masu binciken aikin gona irin na Samaru a ke bukata. Hanyar kwalta, da asibiti, da albashin malami, da bincike, duk na hukuma ne. Amma tsakanin abin da hukuma ta kawo da amfanin da za a ci daga gare shi akwai wani gurbi, wanda ba mai cika shi sai mutanen gari. Kuma garin da ya saba taruwa ya gyara famfonsa, shi ne garin da ya ke iya taruwa ya tura wakilai Hunkuyi ko Makarfi ko Ikara su tambayi Ƙaramar Hukuma ina aka kwana game da hanyarsu. Haɗin kan da ke gyara, shi ne ke iya tuhuma.

Ina matsayinmu, mu malamai, cikin wannan al'amari? A ƙauyuka da yawa malamin makaranta yana cikin 'yan kaɗan da ke iya karanta takardar hukuma su fassara ta, su rubuta amsa, su riƙe littafin kuɗi. Waɗanda suka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da waɗanda suka ɗauki Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, sun gane cewa mutumin da ya iya karatu da lissafi ba a cika yi masa rufa-rufa ba. Aikin nan bai ƙare ba. Saboda haka muna ba 'yan'uwanmu shawara uku.

Ta farko, in an kai ka gari, ka fara da saurare. Ka gai da dagaci da liman da masu unguwa, ka ji abin da ya fi damun mutane daga bakinsu, har da bakin mata, gama su ke ɗiban ruwa, su ke jinyar yara. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wataƙila kai kana ganin gari na bukatar ɗakin taro, su kuwa 'yar gada su ke so a kan rafin da ke hana yara zuwa makaranta da damina.

Ta biyu, duk abin da za a kawo garin, ka tambaya tun kafin a aza harsashi: wa zai gyara shi, da wane kuɗi, ina a ke samun kayan gyaran? A zaɓi mutane amintattu su kula, a sa ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa bayan kaka, a koya wa samari biyu ko uku gyaran, a kuma karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a. Asusun da ba a karanta lissafinsa a fili ba ya daɗewa, in kuwa ya mutu ya kan tafi da amana, wadda ta fi kuɗin wuyar samu.

Ta uku, ka koyar da dalili tare da umarni. Yaron da aka ce masa kawai ya wanke hannu zai wanke in malam na kallo. Wanda aka nuna masa yadda ƙazanta ke bin hannu ta shiga ciki, zai je gida ya gaya wa uwarsa. Ka kai darasin lissafi gonar rake da kasuwar tumatir, yaro ya lissafa abin da ubansa ya kashe da abin da ya samu, don iyaye su ga makaranta tasu ce, tana magana a kan rayuwarsu.

Wanda ya ke so ya auna ci gaban Taba, ko na kowane gari irinta, kada ya je ranar bikin buɗe gini, sa'ad da a ke kiɗa ana yanka zare. Ya bari sai bayan shekara biyar, ya je ran da ba a san da zuwansa ba. In ya tarar famfo na ba da ruwa, aji da rufinsa, 'yan mata da 'yan maza suna ciki, ya kuma tambaya wa ya gyara, aka ce masa mu ne, to, garin nan ya ci gaba, ko da ba shi da bene ko ɗaya. Allah ya sa mu zama malaman da za a ce a zamaninsu aka fara haka, amin.