Hujewar Hanji: Darasin Da Korona Ta Bari

Tun da cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, yawancin mutane sun ɗauke ta a matsayin ciwon huhu: tari, zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Amma Hausawa kan ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Likitocin da suka yi jinyar waɗanda cutar ta yi wa mugun kamu sun ga ta taɓa hanji, har wasu ƙalilan hanjinsu ya huje. Wannan matsala ba ta da yawa, sai dai tana kisa cikin gaggawa, kuma darasin da ke cikinta ya cancanci shiga aji.

Yaya ƙwayar cutar da aka shaƙa ta hanci ke isa ciki? Ƙwayar korona tana shiga ƙwayoyin halittar jiki ne ta wata ƙofa, wato wani furotin da masana ke kira ACE2. Wannan ƙofa tana nan a huhu, tana kuma da yawa ƙwarai a bangon ƙaramin hanji. Shi ya sa wasu majinyata ke fama da gudawa da amai, kuma ake samun alamun ƙwayar a bayan gidansu.

Babban haɗarin yana cikin jini. Idan cutar ta tsananta, jini kan daskare ya toshe jijiyoyi. In toshewar ta faɗa a jijiyar da ke shayar da hanji, sai wannan ɓangare ya rasa iskar oksijin, ya mutu, ya ruɓe, daga nan ya ɓule. Ƙazanta da ƙwayoyin bakteriya sai su kwarara cikin kogon ciki, tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ya kumbura, guba ta bi jini. Daga wannan lokaci rayuwar majinyaci ta rataya ne ga tiyata, kuma kowace sa'a ta jinkiri tana rage masa damar tsira.

Akwai kuma batun magunguna. A watan Yuni na 2020, wani babban gwaji da Jami'ar Oksfod ta Ingila ta jagoranta ya nuna cewa maganin deksametazon yana rage mace-macen majinyatan da ke bukatar oksijin. Maganin ya ceci rayuka da dama. Duk da haka, shi da irinsa suna danne zazzaɓi da raɗaɗi, ta yadda hanji zai iya hujewa ba tare da alamun sun fito fili ba. A asibiti likita ya san da haka, yana sa ido. Wanda ya sayo maganin a kemis bisa jita-jita, wa zai sa masa ido?

A ƙasar Hausa hujewar hanji ba baƙuwa ba ce. Zazzaɓin taifod da bai sami magani ba yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji, galibi a mako na biyu ko na uku, kuma yara da matasa ne suka fi shan wahalarsa. Sanadi ya bambanta, amma alamun iri ɗaya ne: ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako, ga kumburi da amai, majinyaci ba ya son ko motsi. Duk wanda ya ga haka, kada ya tsaya jiƙa kanwa ko neman maganin kashe zafi, kada kuma ya ba majinyaci abinci. Asibitin da ake tiyata shi ne mafita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma ƙwayar ba ta ɓace ba, taifod ma yana nan daram. Saboda haka wajibi ne malaman kimiyyar halittu su daina koyar da huhu, jini da hanji tamkar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Ɗalibin da ya gane yadda gudan jini ke kashe hanji, shi ne zai tsaya kai da fata a gida, ranar da ƙaninsa ke juyi riƙe da ciki, ya ce a nemo mota yanzu, kada a jira wayewar gari.