Naira da Sefa: Darasin da tarihin canji ke koya wa 'yan kasuwar Agege

Kalmar jaka tana da ma'ana biyu a ƙasar Hausa. A Kano da Katsina, jaka guda fam ɗari ce, wato Naira 200. A Maraɗi da Damagaram kuwa, jaka guda Sefa 1,000 ce. A shekarar 1980, lokacin da Dalar Amurka ba ta kai kwabo 60 ba a farashin gwamnati, Naira ɗaya tana sayen fiye da Sefa 300, saboda haka jakar Najeriya ta fi jakar Nijar sittin. A 2024 lissafin ya kife, domin Sefa 1,000 ta haura Naira 2,000, jakar Nijar guda ta zarce jakar Najeriya goma.

Wannan juyi ba labarin masana tattalin arziki kaɗai ba ne. A unguwannin Hausawa na Legas, musamman Agege, inda fataucin goro da layin dogo suka zaunar da Hausawa tun farkon ƙarnin da ya gabata, ana jin zafinsa kullum. Wani kaso na shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba da ragunan da ake saukewa a Legas daga Nijar suke fitowa, kuma mai dabba da Sefa yake lissafin ribarsa. Duk lokacin da Naira ta faɗi, ko dai ya ƙara farashi ko ya nemi wata kasuwa. Haka ɗan ci-rani da ke gadi ko tura ruwa a Legas yake ganin guminsa na wata guda ya ƙanƙance kafin ya isa hannun iyalinsa a Tawa. Mai zuwa sari Kwatano ta kan iyakar Seme ma jarinsa na narkewa a aljihu.

Ba abin mamaki ba ne da wasu ke cewa Sefa ta fi albarka, wasu kuma na ɗora laifin a kan 'yan canji. Tarihin kuɗaɗen biyu bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin waɗannan ra'ayoyi ba.

An ƙirƙiro Sefa ranar 26 ga Disamba, 1945, a ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, aka ɗaure ta da kuɗin Faransa. Tun 1999 tana ɗaure da Yuro a kan Sefa 655.957. Ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma ke amfani da ita, babban bankinsu yana Dakar. Wannan ɗauri ya hana gwamnatocinsu buga kuɗi yadda suka ga dama, shi ya sa hauhawar farashi ba ta cika yi musu tsanani ba. Amma kwanciyar hankalin tana da tsada. A Janairun 1994 an rage darajar Sefa da rabi a dare ɗaya, daga 50 zuwa 100 a kan kuɗin Faransa guda, talakan Nijar ya wayi gari ya tarar kuɗin magani da sauran kayan waje sun yi tashin gwauron zabi ba tare da an nemi shawararsa ba. Har zuwa gyaran da aka sanar a Abidjan a Disambar 2019, rabin ajiyar kuɗin waje na waɗannan ƙasashe a baitulmalin Faransa ake ajiye shi. Ko Nijar da Mali da Burkina Faso, da suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sun fita ne da Sefa a aljihunsu, alamar cewa kwance wannan ɗauri ba ƙaramin aiki ba ne.

Ita kuwa Naira 'yantacciya ce tun ranar 1 ga Janairu, 1973, da ta maye gurbin fam a kan Naira biyu. Ƙarfinta na shekarun farko na man fetur ne, ba na masana'antu ko noma ba, don haka da farashin mai ya karye sai ta bi shi. A Satumbar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, darajarta ta fara gangarowa. A zamanin Janar Sani Abacha an tsayar da Dala a kan kusan Naira 22 a hukumance, alhali a kasuwa ta kai 80, masu hanya suka ci ribar tazarar. A Yunin 2023 aka haɗe farashin canji, zuwa Fabrairun 2024 Dala ta wuce Naira 1,500. Kafin nan Babban Bankin Najeriya ya ranta wa gwamnatin tarayya Naira tiriliyan 22.7, duk da cewa dokar bankin ta 2007 ta ƙayyade irin wannan rance a kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Ba ɗan canjin Agege ne ya sa hannu a wannan takarda ba. Shi dai ma'auni ne, kuma fasa ma'auni ba ya ƙara hatsi a buhu.

Akwai kuma raunin da gwamnati ke yi wa amana da hannunta. A Afrilun 1984 an sauya launin takardun Naira aka rufe iyakoki, fataken Nijar da ke riƙe da Naira suka tafka asara, har aka laƙaba wa yunwar wancan lokaci sunan El-Buhari. An sake rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan sauyin takardun kuɗi ya jefa jama'a cikin ƙarancin tsaba a farkon 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya koya wa maƙwabta cewa ajiye Naira kasada ce.

Abin da ya kamata a nema a bayyane yake. Majalisar Tarayya ta tsare iyakar rancen da babban banki ke ba gwamnati, ta daina halasta ƙetare ta bayan aikin gama ya gama. A daina rufe iyaka da sauya kuɗi ba tare da isasshen wa'adi ba. A samar da halastacciyar hanyar canjin Naira da Sefa kai tsaye a kasuwannin Legas da na Jibiya, Illela da Maigatari, ba sai an ratsa ta Dala ba. Tsarin biyan kuɗi na nahiyar Afirka, PAPSS, da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022, don irin wannan aka yi shi, amma sai ya sauko daga manyan bankuna zuwa kara da zango kafin ya amfani mai shanu. Sarakunan Hausawa na Legas da ƙungiyoyin fatake suna da bakin da za su nemi haka.

ECOWAS na maganar fito da kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco a 2027. Sauya suna ba zai warkar da ciwon ba muddin ƙasa tana cin abin da ba ta noma ba, tana kashe abin da ba ta tara ba. Darajar kuɗi amana ce, kuma gwamnati ce ta farko da ya wajaba ta riƙe ta.