Wasiƙa Zuwa ga Dukawan Kayan Doki na Karaye da Rogo

 

Tun da aka tsayar da masarautar Karaye a kan ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a 2024, shekarar da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattalinsu, ido ya ƙara komawa kan kayan doki, kuma ku ake nema. Roƙona a kan abu guda ne da ake yawan mayarwa baya wajen ciniki, wato kamazuru. Mai saye zai daɗe yana juya sirdi da jalala, sai ya tashi tafiya ya ce a haɗa masa da kamazuru kowane iri, in dai launinsa ya dace da sauran. Alhali ta wannan tsirin fatar kaɗai hannun mahayi ke isa bakin doki.

Ku dubi linzamin da maƙeranmu ke ƙerawa. Yana da harshe da ke tokarar ganɗar doki, da zobe da ke kewaye haɓa, da ƙafafu biyu da ke ninka duk jan da aka yi. Da shi ake samun zamiyar da ke burge jama'a ranar jafi, a taho a sukwane a tsaya cak gaban sarki. Amma linzami mai kaifi haka ba ya bambance jan ganganci da na kuskure. In kamazuru ya yi nauyi da tuntaye da ƙarafan ado, lilon da yake yi ma yana girgiza linzamin a kowane taku, ko mahayi bai motsa yatsa ba. Doki ya yi ta karɓar saƙon da ba a aika ba, ya fara wurga kai, yana buɗe baki, kumfa na fita da ja-ja. Daga nan sai a ce dokin ya yi taurin baki, a je a nemo linzamin da ya fi wancan zafi.

Turawa masu gasar horar da doki, wadda ke cikin wasannin Olamfik tun 1912, sun daɗe da lura da wannan. A manyan matakai suna sa linzami biyu a baki ɗaya, kowane da kamazurunsa. Na linzami mai sauƙi ya fi faɗi, kamar milimita 16. Na mai kaifin siriri ne, kamar milimita 13, sumul ba ado, don yatsa ya gane shi ba sai an duba ba. In alƙali ya ga sabon jini a bakin doki, an fitar da mahayin ke nan. Ba cewa nake ku kwaikwayi kayansu ba. Mahayinmu da hagu yake riƙo, dama na ɗauke da mashi ko tana jinjina. Sai dai wannan ma hujja ce a kanmu: hannu ɗaya, ga linzami mafi zafi, ai mu muka fi bukatar kamazuru marar nauyi mai laushi.

Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka yi ta saya da sunan fatar Maroko, ba ta da na biyu wajen kyau, amma siririya ce kuma tana miƙewa. Ta dace da rufi, ba da ɗaukar ja ba. Cikin kamazuru ƙirgi ya kamata, wanda ya jemu sarai da bagaruwa, a yanko shi daga gadon baya, don fatar ciki sako-sako ce, gefe ɗaya zai riga ɗaya miƙewa, doki ya koyi tafiya a karkace. Wurin da kamazuru ya haɗu da ƙarfe nan yawu da tsatsa ke cin fata. A ninka shi, basilla ta bi tsawon fatar, kada ta gitta faɗinta, domin layin huda a gicciye hanyar yagewa ce. Ga kuma yanayi: Babbar Sallah a 'yan shekarun nan a bakin damina take faɗowa, Ƙarama cikin zafin bazara, kuma ƙasar Rogo da ke maƙwabtaka da Kaduna ba ta rasa laima. Fatar da ba ta sha mai ba, ruwa ya jiƙa ta, rana ta busar, sai ta ƙage ta tsattsage.

Na san za ku ce mai kuɗi ado yake so, kuma baduku ba ya ƙin ciniki. Gaskiya ne, ba kuma wanda zai hau bayan hakimi da kaya tsirara. To, a mayar da nauyin adon kan goshi da ƙirji da wuyan doki, inda ba ya taɓa baki. Kamazuru ya samu rini da zane, waɗanda ba su da nauyi. Za ku kuma ce ƙirgi ya yi tsada tunda ganda ta cinye fatun shanu, igiyar nailan kuwa ga ta a kowace kasuwa. Arha dai tana da arha, amma tana sulɓewa in hannu ya yi gumi, tana ƙona yatsu, kuma mahayin da ke tsoron suɓucewa damƙewa yake yi, damƙar nan kuwa a bakin doki take ƙarewa. Mai cewa haka aka gada, ya tuna cewa masu doki a da kullum suna kilisa. Da yawa cikin masu hawa yau aron doki suke yi sau biyu a shekara, hannunsu bai san linzami ba.

Saboda haka in mai saye ya zo, ku ce ya kawo linzamin ku gani, ku tambayi wa zai hau da girman dokin, sannan ku yanka fata. Ku kuma tallata masa kamazuru na biyu, fari fat ba ado, na kilisar yau da gobe, ku gaya masa ya riƙa goge gumi ya shafa mai kafin ya rataye.