Sunan Bahaushe a Jerin Manazarta

A shekarar 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, suka shimfiɗa ƙa'idojin da mujallun ilimin magunguna da dama ke bi har yau. A wannan tsari, lamba ake sawa cikin matani, sannan a jera manazarta a ƙarshe: sunan dangi, harufan farko na sauran sunaye, taken maƙala, sunan mujalla a taƙaice, shekara da shafuka.

Tsari ne mai kyau, amma rigar masu sunan dangi ce. Bahaushe kuwa sunan yanka yake gabatarwa, ya biyo da na mahaifi, wani lokaci har da na gari. Ga kuma bambancin rubutu: Ousmane na Damagaram shi ne Usman a Kano. Yau edita ya ɗauki sunan uba, gobe wani ya ɗauki na yanka, sai mutum ɗaya ya zama uku a rumbun bayanai, aikinsa ya warwatse. Mai bin sawun bincike kan sabara ko bagaruwa, domin tabbatar da adadin da aka gwada, sai hanya ta ɓace masa. A harkar magani, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Gyaran farko na hannun marubuci: ya tsayar da siga ɗaya tun daga maƙalarsa ta farko, ya mallaki lambar ORCID. Na biyu kuwa nauyin masana harshe ne: su tsara wa editoci ƙa'idar kawo sunayen Hausa.